Ɗakin kaji a lokacin ɗari: a toshe ko a bar wa iska hanya?

Maman Biba (Garkawa, Tawa):
Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwo. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka mini. Ina da kajin ƙwai 45, jajayen nan, watansu takwas, a wani ɗaki na bayan gida mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2. Ginin bulo ne zuwa ƙugu, daga nan ragar waya har sama, rufin kwano. Da sanyin nan ya sauko sai na sa yara suka zagaye ragar duka da baƙar leda, muka ɗaure ko'ina ruf, saboda iskar da ke kaɗawa da asuba ba ta da daɗi. To abin da nake gani yanzu ya tayar mini da hankali. Wasu na atishawa, wasu idonsu na ruwa har da ƴar kumfa a gefe, in dare ya yi tsit kuma ina jin wasu na ƙara a maƙogwaro. Ƙwai ma ya ragu. Ba wadda ta mutu, alhamdu lillahi, kuma suna cin abinci. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne har yanzu ke shigarsu, in sa musu kaskon gawayi da dare. Na ce bari in tambaya a nan tukuna.

Ɗan Konni:
Wa alaikumus salam Maman Biba. Dakata da gawayin nan tukun. Tambaya biyu: in kin buɗe ƙofa da safe, me hancinki ke ji? Kuma ki shafa ledar ta ciki, a bushe take ko a jiƙe?

Maman Biba:
Wari ne mai yaji, irin mai shiga ido, sai na ɗan ja baya kafin in shiga. Ledar kuwa a jiƙe take sharkaf, ɗigon ruwa na gangarowa, har kwanon sama na ɗiga a kan bayan kajin. Ƙaiƙayin da na shimfiɗa musu ya dunƙule wajen mazubin ruwa, ya yi baƙi, yana manne wa takalmi.

Malamin Kiwo (Tawa):
To Maman Biba, kin riga kin ba da amsar da bakinki. Ki duba waje: lokacin hunturu ne, iska a bushe take ƙayau, leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin a gama shanya. To daga ina ruwan da ke jikin ledarki ya fito? Daga kajin ne. Kazar ƙwai ɗaya tana shan kusan rubu'in lita a rana. Kaji 45 sun sha fiye da lita 10 ke nan kullum. Kaɗan ne ke tafiya cikin ƙwai, sauran duk yana fitowa ta kashi da numfashi, don ɗanyen kashin kaza kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Da can iska na shiga ta raga tana kwashe wannan laima. Yanzu kin rufe, ta rasa mafita, sai ta taru a leda da kwano kamar gumin murfin tukunya, ta koma ƙasa ta jiƙa shimfiɗa.

Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai kashi ita ke fitar da warin da ya shiga idonki. Amoniya ake ce masa. A cikin maƙogwaron kaza akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Amoniya na kashe wannan aiki. Masana kiwon kaji sun ce kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki, kuma in har ta kai ga sa mutum hawaye, ta daɗe da wuce nan. Ke a tsaye kike, na minti biyar. Su kansu na kusa da ƙasa, wurin da warin ke tashi, kuma a ciki suke kwana.

Sannan sanyin da kike tsoro. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41. Babbar kaza mai cikakken gashi ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma sanyinmu na nan Tawa, da dare yakan sauka wajen 15, wani lokaci ya yi ƙasa da haka kaɗan, ba ya kashe ta. Takan kumbura gashinta ta riƙe ɗumi a ciki, ta zauna kan ƙafafunta, shi ke nan. Zafin watan Afrilu da Mayu ne abin tsoro ga kaza, ba ɗarin Janairu ba. Abin da ba ta so shi ne iska ta riƙa dukanta kai tsaye tana buɗe mata gashi yayin da take kwance, da kuma laima. Don haka yau ɗin nan, kafin magariba, ki kwance ledar kudu da ta yamma daga sama.

Baba Mai Zabi (Bilbis):
Malam, ina girmama iliminka, amma ban yarda da wagga magana duka ba. Tun da munka tashi muka ga uwayenmu na tura kaji cikin akurki da magariba, a kawo dutse ko guntun ƙwarya a toshe bakin, ba taga ba komi. Da sahe a buɗe su hito lahiya lau. Ba wanda ya taɓa ce muna a bar ma kaza ƙohwa buɗe cikin ɗari. Ku yaran zamani in kunka ce a buɗe, gobe muzuru ya shiga ko iska ta kashe ma ɗiyar mutane kaji, wa za shi biya ta?

Hajiya ta Yantala (Yamai):
Ni ma dai ina bayan Baba. Na ga abin da sanyi ke yi da idona. Bara a Disamba na sayo ƴan tsaki, dare ɗaya aka ɗauke wuta, da safe na tarar sun taru a kusurwa sun hau kan juna, na ƙasa duk sun mutu. Mu nan kusa da kogi sanyin asuba ba wasa ba ne. Tun daga ranar ba na barin ko ƙofar allura.

Malamin Kiwo:
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ni ma a gidan da ake toshe akurki na girma. Amma mu tuna yadda akurkin yake. Kaji nawa ke kwana ciki? Biyar, shida, in sun yi yawa goma. Na laka ne, laka kuwa tana shan laima, kuma dutsen da ake sawa a baki bai taɓa toshewa ruf ba, iska na ratsawa ta gefe. Ba a ajiye ruwa a ciki. Gari na wayewa a buɗe su, su wuni a waje suna tono, kashinsu na rana duk a tsakar gida da bayan gari yake zuba. Akurkin ya wuni a buɗe rana ta busar da shi. Kajin Maman Biba kuwa dare da rana suna wuri ɗaya, nan suke ci, nan suke sha, nan suke kashi, ƙarƙashin kwano, cikin leda da ba ta shan ruwa ba ta barin iska. Kuma ban ce a cire raga ba. Raga na nan, muzuru ba shi da hanya.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Naki ƴan tsaki ne, hukuncinsu daban, zan zo kansa. Kada mu haɗa su da manyan kaji.

Baba Mai Zabi:
To na ji batun yawa, wannan da gaskiyarka. Kaji arba'in da biyar ɗaki guda, ai ko mutane ne sai sun takura. Amma ɗiyata, in za ki buɗe, kada ki taɓa gabas da arewa. Iskar hunturu daga can take zuwa, ta kwaso ƙura ta zuba ma kaji. Ki cire ledar nan ki sa zana. Zana tana kare iska amma tana numfashi. Mu da ita muka sani.

Malamin Kiwo:
Nan kam mun haɗu, Baba. Zana ko asabari ko buhun algarara duk sun fi leda. Ga yadda nake ba mutane shawara su yi. Gefen arewa da gabas a rufe su da zana daga ƙasa har kusan sama. Gefen kudu da yamma a rufe daga ƙasa zuwa sama da kan kaji in sun hau sandar kwana, a bar tsiri buɗe ƙarƙashin rufi, kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsawon bangon duka. Iska mai ɗumi da laima sama take tashi, ta nan za ta fice, sabuwa ta shigo a hankali ba tare da ta bugi kowa ba. Wannan tsiri ba a rufe shi ko da dare, don da dare ne aka fi bukatarsa. In hantsi ya yi, wajen ƙarfe tara ko goma, a naɗe zanar kudu da yamma duka, rana da iska su shiga su busar da ƙasa. Da la'asar sakaliya a sauke.

In kina so ki san ko iska na dukan su, ɗaura zare siriri a sandar kwana da dare ki haska tocila. In yana ɗan motsi a hankali, babu laifi. In yana kaɗawa yana miƙewa gefe, akwai inda iska ke kurɗawa daidai kansu, ki nemo ki toshe. Sandar kanta kada ta kai kusa da tsirin, a bar aƙalla rabin mita tsakani, kuma kowace kaza ta samu wajen santimita 20 na wurin zama.

Maman Biba:
Na gode Malam, na gode Baba. To shimfiɗar fa? In zuba toka a kai ta shanye ruwan? Haka nake yi da damina.

Hajiya ta Yantala:
Toka ai ita ce maganin wari, ni kullum ita nake zubawa.

Malamin Kiwo:
A nan zan saɓa muku ku biyu. Toka da farar ƙasa, in suka haɗu da jiƙaƙƙen kashin kaji, ƙara sakin amoniya suke yi. Za ki ga wurin ya yi kamar ya bushe, amma ki sunkuya ki shaƙa bayan ɗan lokaci. Amfanin toka a busasshen wuri yake: a haɗa ta da rairayi a tsohon baho a ajiye musu a gefe su yi birgima, tana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata. Wadda ta dunƙule ɗin nan ba ta da gyara, a kwashe ta da shebur har ƙasa, a zuba sabuwa mai kaurin yatsu huɗu zuwa biyar. Ɓuntun shinkafa ya yi, ɓawon gyaɗa ya yi, askin katako na wurin kafinta ya yi, in dai a bushe suke ba su yi fumfuna ba, don fumfuna ma na kama huhun kaji, musamman ƙanana. Garin katako mai laushi kamar gari kuwa ƙura gare shi, ba na son sa a wannan lokaci. Gwajin shimfiɗa mai sauƙi ne: damƙi cikin hannu ki matse ki saki. In ta ɗan haɗu ta warware, daidai take. In ta tsaya dunƙule, ta jiƙe. In ta tashi ta shiga hanci, ta bushe da yawa.

Ɗan Konni:
Kuma ki ɗaga mazubin ruwan. Yawancin jiƙar nan daga can take farawa. Ki ɗora shi kan bulo ko ki rataye shi, bakinsa ya zo daidai bayan kaza, ba za su taka ba, ba za su watsa ba. Ni da dare ma fitar da shi nake yi, tunda kaza ba ta sha cikin duhu, in mayar da sassafe kafin su sauko. Wanda kika kwashe kuma kada ki zubar a bola. Masu garka na neman sa ido rufe, yanzu ne lokacin albasa. Sai dai a tara shi ya ruɓe tukuna, ɗanye yana ƙona shuka.

Amma Maman Biba, gaskiya ɗaya: ɗakinki ya yi wa kaji 45 kaɗan. Mita 3 sau 2, murabba'i 6 ke nan. Kajin ƙwai a ƙasarmu mai zafi biyar ake sawa a murabba'i ɗaya, wato 30. Yanzu ɗari na rufa miki asiri. In bazara ta shigo da wannan cunkoso, za ki sha wuya.

Maman Biba:
Wannan na daɗe da saninsa, Ɗan Konni, fili ne babu. Amma akwai ɗan lungu tsakanin ɗakin da katanga, zan yi wa maigida magana a zagaye shi da raga su riƙa fita da rana.

Ɗan Illela:
Ku yi haƙuri in shigo. Duk kuna ta maganar iska, ba wanda ya tambaya ko cutar nan ce mai share kaji duk shekara a irin wannan lokaci. Mu a garinmu hunturu na kamawa sai ka ga gida bayan gida an wayi gari ba kaza ko ɗaya. Ita ma da atishawa take farawa. Ni a ganina ta sayi kafso ja da rawaya ta fasa musu a ruwa tun kafin abu ya yi nisa, ta haɗa da barkono.

Malamin Kiwo:
Tambayarka a kan hanya take, amma maganinka ba na tare da shi. Cutar da kake nufi ita ce Niyukasal, kuma gaskiya ne ta fi ɓarna a lokacin sanyi da ƙura. Alamominta: kaza ta yi sukuku fukafukai a sake, ta daina ci, koren zawo, buɗe baki wajen numfashi, wasu wuyansu ya murɗe suna kallon sama ko suna zagaye wuri ɗaya, ƙwai ya zo da ɓawo mai laushi, sannan mutuwa da yawa cikin ƴan kwanaki. Na Maman Biba suna ci, ba wadda ta faɗi. Abin ya fi kama da ƙunar amoniya, wataƙila da murar kaji ta yau da kullum da ta samu ƙofa. Amma daga waya ba a yanke hukunci. In fuska ta fara kumbura, ko majina mai wari na fita, ko ɗaya ta mutu, a kira ma'aikacin dabbobi ya gani da idonsa.

Niyukasal ba ta da magani, kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan, rigakafi kaɗai ke tare ta. Barkono da ɓawon maɗaci ma haka. Kafson mutane kuwa, ba ka san awonsa ga kaza ba, yana fita cikin ƙwan da yara za su ci, kuma yawan ba da shi barkatai ne ke sa ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi aiki. In ma maganin ya zama dole, akwai na kaji a kantin magungunan dabbobi, da awonsa da kwanakin da za a dakata da cin ƙwai a rubuce. Kuma ko wane magani aka ba su, in aka mayar da su cikin wannan wari, ciwon zai dawo.

Abu guda da nake roƙon kowa: in kaji suka fara zubewa da yawa lokaci ɗaya, kada a yanka a kai kasuwa, kada a jefar a bola. A sanar da ma'aikatar kiwo, su ke da hanyar aika samfuri zuwa LABOCEL, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, a Yamai. Murar tsuntsaye da Niyukasal ido ba ya raba su, kuma mun san murar tsuntsayen ta taɓa shigowa ƙasar nan, a Magariya a 2006.

Maman Biba:
An yi musu rigakafin tun suna ƙanana, wanda ya sayar mini ya ce an gama duka.

Malamin Kiwo:
Na ƙuruciya ba ya riƙe kaza har abada, ana maimaitawa. Amma ba yanzu ba. Ba a yi wa kaza marar lafiya rigakafi. Ki gyara iska, su warware, sannan a yi.

Hajiya ta Yantala:
Malam, ka ce za ka zo kan ƴan tsaki. Ina da ɗari da za su iso mako mai zuwa, kuma gabana na faɗuwa. Kana cewa a buɗe, ni kuma na ga abin da sanyi ya yi mini.

Malamin Kiwo:
Na'am Hajiya. Ɗan tsako ba shi da gashin da zai riƙe ɗumi, jikinsa bai iya daidaita zafinsa ba tukuna. A makon farko yana bukatar digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe shi wajen mako biyar ko shida. Don haka shi dole a ba shi wuta. Amma ɗumama wurinsa ake yi, ba toshe ɗakin duka ba. Ki yi musu da'ira da kwali, tsayin kamar rabin mita, a tsakiyar ɗaki. Da'ira, ba mai kusurwa ba, don a kusurwa ne suke hawa kan juna kamar yadda kika gani. Wuta a tsakiya, ruwa da abinci kewaye. Kwalin zai tare iska a ƙasa, sama kuma ki bar tsirinki, ko da rabin na manya ne.

Ba sai kin sayi ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya miki. In sun dunƙule jikin wuta suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu jikin kwali suna haki, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe ɗaya, iska na shigowa ta ɗaya gefen. In sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci, ki je ki kwanta.

Ɗan Konni:
Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, ni da gawayi nake renon nawa. Tukunyar ƙasa nake hudawa a gefe, in hura gawayin a waje sai ya yi jajir ba hayaƙi, sannan in zuba ciki, in rufa masa toka kaɗan don ya daɗe, in ɗora tukunyar kan bulo in zagaye da raga kada su ƙone ko shimfiɗa ta kama. Tsakar dare in tashi in duba.

Malamin Kiwo:
Haka ake yi, amma a ƙara da wannan, don shi ne mafi muhimmanci. Rashin hayaƙi ba ya nufin babu guba. Garwashi ko ya yi ja yana cin iskar ɗaki, yana fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da kasko a ɗaki rufe, duk lokacin sanyi muna jin labarin. Ɗan tsako ya fi mutum saurin faɗuwa. Da yawa daga cikin waɗanda ake tararwa da safe a ce sanyi ne ya kashe, a baje suke ko'ina ba a dunƙule ba, ɗakin kuma da ɗumi. Wannan ba sanyi ba ne. Gawayi da leda ruf ba sa haɗuwa. Shi ya sa Ɗan Konni ya ce wa Maman Biba ta dakata tun farko: da ta sa kasko cikin ɗakin nan yadda yake, da labarin ya zama wani.

Hajiya ta Yantala:
Innalillahi. Ni kuwa niyyata ke nan, kasko biyu da tamfol. Allah ya saka da alheri. Amma zan faɗi gaskiya, raina bai kwanta da barin sama buɗe a daren farko ba. Zan bar kaɗan ta yamma, in kwana ina leƙawa.

Malamin Kiwo:
Kaɗan ɗin ma ya fi babu, Hajiya. Ki riƙa sunkuyawa daidai tsayinsu kina shaƙa, kuma ki yi hakan da zarar kin shigo daga waje, don hanci na saurin sabawa da wari. In kanki ya fara nauyi a cikin ɗakin, ki fitar da wutar nan take ki buɗe.

Maman Biba:
Ƴan uwa, ga yadda ake ciki. Mun cire ledar, mun sa zana gabas da arewa yadda Baba ya ce, mun bar sama buɗe kudu da yamma, mun kwashe shimfiɗar muka zuba ɓuntu. Kwanon ya daina ɗiga, warin ya tafi, idanun sun fara washewa. Biyu har yanzu suna ƙarar maƙogwaro, na ware su a keji a rumfa, ma'aikacin dabbobi zai zo ya duba su. Abin da bai dawo ba shi ne ƙwai.

Ɗan Illela:
To ka ji. Da an ba su kafson da yanzu ƙwai ya dawo.

Ɗan Konni:
Haba Ɗan Illela, kafso na sa ƙwai ne? Kazar da ta sha wuya sai ta ɗauki makonni kafin ta koma yadda take. Kuma ka tuna baƙar leda ce ta rufe su, sun zauna cikin duhu. Kazar ƙwai tana son hasken awa 14 zuwa 16 a rana, yanzu kuwa yinin kansa bai fi awa 11 da ƴan mintoci ba. Maman Biba, ki sa musu ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, ki kunna da asuba kafin gari ya waye, ki riƙa ƙara lokacin kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba. Da asuba ya fi, don in da dare ne fitila ta mutu kwatsam, sai duhu ya same su a ƙasa ba su hau sanda ba. Abinci kuma kada ki tsuke hannu, a ɗari sun fi ci, giram 110 zuwa 120 kowace kaza, ko sama da haka kaɗan.

Baba Mai Zabi:
Madalla ɗiyata, Allah shi sa albarka. Ni dai nawa na gida akurkinsu za su ci gaba da kwana, ban canza ba. Amma na sa jikana ya huda mashi ƙananan ramu ukku can sama ta yamma, mun liƙa guntun raga. Malam, batun rigakahin nan nika son ji. Kajinmu na gida da zabi, su ma ana yi musu? Don mu ba mu saba ba, sai dai in ciwo ya zo mu yanka abin da munka samu.

Malamin Kiwo:
Ana yi, Baba, kuma su ne suka fi bukata, don su ke yawo suna cuɗanya da na maƙwabta. Akwai na allura irin su ITA-NEW, akwai na ɗigawa a ido mai suna I-2 wanda aka yi shi don ya jure zafin ƙauye, ana maimaita shi kamar duk wata huɗu. Zabi ma ana yi musu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin iska ta taso, amma in kajinka lafiya suke kuma ciwon bai shigo unguwa ba, yanzu ma bai ɓaci ba. Sannan duk kazar da aka sayo a kasuwar Lahadi ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran. Ta nan ciwon ya fi shigowa gida.

Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, in an buɗe kuma ba ta ajiyuwa. Mai kaji goma ba zai saya shi kaɗai ba.

Ɗan Konni:
To a haɗu mana. Na Tawa ku rubuta unguwa da yawan kajinku a nan, a tara a kira ma'aikaci rana ɗaya ya bi gida-gida da sassafe kafin a sake su.

Baba Mai Zabi:
Bilbis, kaji 14, zabi 22. Zan yi ma maƙwabtana magana bayan sallar isha'i, su ma suna da su.

Ɗan Illela:
Mu na nesa fa? In kun tsai da rana ku faɗa da wuri, in ga ko namu ma'aikacin zai yarda ya yi mana haka a Illela.